Wasiƙar godiya ga garejin masu lantarkin mota da ke kan hanyar Tanout, Damagaram

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Maigida uban gareji da yaransa baki ɗaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya da iyali, na rubuto wannan wasiƙa a fili ne don mutanen Zinder su ji aikin da kuka yi mini. Na yi muku godiya da baki ranar da na karɓi mota, amma zuciyata ba ta gamsu da godiyar baki kaɗai ba.

Sana'ata jigilar ruwa. Ina da akori-kura ƙirar Hilux, ina jan tirela mai taya huɗu da tankin lita 2,000 a kanta, ina kai wa masu gini da gidajen da famfo ke yi wa wuya lokacin zafi. Duk ɗan Damagaram ya san yadda ruwa yake a watan Afrilu da Mayu. Lita 2,000 tan 2 ke nan, ban da nauyin tirelar kanta. Tirelar irin ta Amurka ce mai birkin lantarki, kuma a gaban mota, ƙarƙashin sitiyari, akwai ɗan akwatin da ke sarrafa birkin nata. Idan direba ya taka birki, akwatin ne ke aika wuta baya, maganaɗisun da ke cikin kowace taya ya kama, fatun birki su buɗe su riƙe.

Matsalar ta fara a hankali. In mun hau hanya mai gargada, sai allon akwatin ya nuna haruffan n.c., alamar bai ga tirela ba, alhali tana maƙale a baya. Jim kaɗan ya dawo daidai. Wani lokaci kuma a taka birki ya nuna S.H., wato wuta ta haɗu da ƙarfe a wani wuri. Na kai ta wurare biyu. Na farko ya canza fiyus ya sallame ni. Na biyu ko murfin fulogin da ke haɗa wayoyin tirela da na mota bai buɗe ba, ya ce akwatin ya mutu, sai an aika Kano ko Yamai an sayo sabo.

Ranar wata Alhamis, ranar da gari ke cika da 'yan kasuwar Dole, yarona direba na tafe da tanki cike, wani mai kabu-kabu ɗauke da mace da goyo ya gitta gabansa. Ya taka birki, mota ta kama, tirela ba ta kama ba. Nauyin nan duka ya turo motar daga baya har bayanta ya fara karkacewa. Allah ya kiyaye, ba a taɓa kowa ba, tazarar da ta rage bai fi kamu biyu ba. Yaron ya dawo gida jikinsa na rawa, ni kuma daren nan ban runtsa ba. Washegari bayan Juma'a wani abokina mai ɗaukar raguna daga Bakin Birji ya ce in zo wajenku.

Maigida, abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne tambayoyinka. Ka zaunar da direba a benci, ka sa aka ba shi shayi, ka ce ya faɗa maka yaushe abin ke faruwa: da kaya ko babu kaya, a kwalta ko a burji, da safe ko da rana tsaka. Ni da na zo da kuɗin sabon akwati a aljihu na ce maka a cire tsohon kawai. Ka ce mini, "Alhaji, bari mu auna tukuna. In shi ne, zai nuna kansa."

Ka cire fulogin tirela, ka sa yaronka ya danna ɗan hannun da ke jikin akwatin, wanda ke kama birkin tirela ba sai an taka na mota ba, kai kuma kana baya da mitar auna wuta. Wuta ta fito a shuɗiyar waya, mai kai wutar birki zuwa tirela, har kusan bolt 12. Ka bi sauran ukun ɗaya bayan ɗaya: baƙa mai kawo wuta daga batir, ja mai zuwa daga makunnin fitilar birki, da fara wadda ita ce mas, wato wayar da wuta ke bi ta koma batir. Nan ka nuna mini abin da ban taɓa sani ba, cewa a tsarin wayoyin tirelar Amurka fara ce mas, baƙa ce mai wuta, kuma wanda ya saba da wata irin mota yana iya juya su ya ƙone akwati lafiyayye. Nawa dai lafiyarsa ƙalau. Da ka ga dama da ka sayar mini da sabo, ban da hanyar ganewa.

Ciwon yana baya. Da kuka buɗe fulogin nan mai baki bakwai, ƙurar hunturu da ruwan da ke zuba daga tanki sun haɗu sun yi tsatsa, farar wayar kuwa ta kusa rabuwa da kusarta. Ashe duk tsawon lokacin nan wutar birki ta dunƙulen ƙarfen da ake rataya tirela take komawa, wurin da ke cike da giris da yashi. In hanya ta girgiza, haɗin ya yanke, akwati ya ce babu tirela. Kuka kankare, kuka ja sabuwar waya mai kauri, kuka ɗaure ta a jikin ƙarfen tirela bayan kun goge fenti har ya yi fari.

Ni a nan na ɗauka an gama, har na miƙe zan biya. Ka ce saura, domin mas ba ya bayanin S.H. ɗin da ake gani. Ka auna wutar da birkin tayoyin ke ja. Ka ce kowane maganaɗisu yana jan kimanin amfa 3, huɗu ya kamata su ba da wajen 12, amma mita ta tsaya kusa da 9, ke nan ɗaya ba ya aiki. Aka ɗaga tirela a jak, ana juya taya ɗaya ɗaya da hannu ana danna birki. Uku suka tsaya cak, ta baya a hagu ta ci gaba da juyawa.

A nan ne ƙaramin yaron garejin, wanda ba na jin ya kai shekara 17, ya shiga ƙarƙashi cikin zafin nan ya jawo wayar da ke ratsawa ta cikin bututun aksul daga taya zuwa taya. Ta goge da bakin ramin har roba ta cinye, silin tagulla biyu ko uku kawai suka rage, su ma suna taɓa ƙarfe in an shiga rami. Na ga yadda ka kira sauran yaran ka nuna musu wayar, ka ce shi ya gano. Abin ya burge ni ƙwarai, don na san garejin da yaro ke yin aiki uban gida ya karɓe yabo. Sabuwar wayar ta waje kuka bi da ita, cikin tiyo, kuka ɗaɗɗaure.

Kun kuma daidaita fatun birkin tayoyi huɗun, kun tarar da ƙaramin batirin da ke kama birki in tirela ta ɓalle daga mota ya daɗe da mutuwa. Wallahi ban san ma da shi ba.

Da la'asar muka cika tanki muka fita hanyar Tanout wajen da babu jama'a. Ka sa direba ya kai gudun kilomita 40, ya danna hannun akwatin, kana ƙara masa ƙarfi kaɗan kaɗan har tayoyin suka fara ja da ƙasa, sannan ka rage. Ka koya masa cewa lambar da ta dace da tanki cike ta yi yawa ga tanki wofi, in bai rage ba tayoyi za su riƙa kullewa suna cinyewa. Ka rubuta lambobin biyu a takarda ka manna masa kusa da sitiyari. Ka ce kowace safiya kafin ya fita ya gwada hannun nan a ƙofar gida, ya kuma rufe bakin fulogi in an cire tirela. Yana yi, ina gani da idona.

Abin da na biya, da waya da batir da ladan aiki, bai kai rabin kuɗin akwatin da aka ce in saya ba. Na ƙara wani abu a kai ka mayar mini, ka ce in ba yaran in na so. Yau mako 6 ke nan muna zirga-zirga tsakanin Birni, Zango, Garin Malam har zuwa Mirya, allon bai sake nuna komai ba sai lambar ƙarfin birki.

Ina roƙon masu jan tirela a garin nan, masu ruwa da masu dabbobi da masu injin haƙa rijiya, duk wanda birkinsa ke wasa ya kai muku kafin a kai ga abin da ya kusa faruwa da mu ranar Alhamis ɗin nan.

Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa sana'arku albarka, ya raya yaran da kake koyarwa. A gaida mini ɗan autan garejin musamman. In Allah ya kai mu bayan Sallah zan kawo ɗaya motar a duba mini wayoyinta.

Wassalam.

Naku mai godiya,
wani mai jigilar ruwa a Damagaram