Wasiƙar Godiya ga Mahautanmu na Unguwar Highfields, Leicester

Assalamu alaikum, Alhaji, tare da dukkan yaran shago.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in gode muku bisa ɗawainiyar da kuka yi da ni a kan fai ɗin halal, wato nama a cikin ɓawon fulawa, abincin da ba ya cikin kayan da kuke sayarwa, kuma domin 'yan'uwa mazauna Ingila su san irin mutanen da muke da su a wannan sana'a ta fawa.

Duk wanda ya zauna a gundumar Leicestershire ya san yadda mutanenta ke alfahari da fai ɗin garin Melton Mowbray, wanda ake yi da naman alade a ci da sanyinsa, har wasu gidajen da shi suke karya kumallo ranar Kirsimeti. Akwai gidan gasa fai a garin, Dickinson & Morris, da ke yin sa tun 1851, kuma a 2009 Tarayyar Turai ta ba sunan kariya, ta yadda babu mai liƙa shi a kan hajarsa sai wanda ya yi ta a yankin, bisa ƙa'idar da aka gada. Mu dai alade haramun ne a gare mu, wannan ba abin tattaunawa ba ne. Sai dai yaranmu da aka haifa a nan suna ganin abin a kantuna, suna tambaya, ni kuma na fi son su ɗanɗana na halal daga hannuna a kan su girma suna leƙen na wasu.

Da na kawo muku maganar, niyyata in sayi naman rago, wanda ya fi tsada a kan teburinku, amma kuka hana ni. Kuka bayyana mini cewa kitsen rago yana daskarewa a baki idan ya huce, wannan abinci kuwa da sanyi ake cin sa, don haka kuka haɗa mini cinyar kaza da naman ɗan maraƙi, alhali kun san cinikin ya ragu. Wannan gaskiya ita ce ta fi komai tsaya mini a rai. Sannan kuka ƙi saka naman a injin niƙa, kuka sa babban yaronku ya daddatsa shi ƙanana da wuƙa, domin a Melton Mowbray ma datsa shi ake yi, kuma niƙaƙƙen nama yakan dunƙule ya bushe a cikin ɓawo. Na tsaya ina kallonsa yana cire jijiya ɗaya bayan ɗaya, ga layi a bayana, bai nuna ƙosawa ba.

A kan ɓawon ne na fi amfana da iliminku. Ya bambanta da na mit-fai ɗin da muka sani a gida, wanda ake murza bota mai sanyi a cikin fulawa. A nan tafasa ruwa ake yi da kitse da gishiri, a juye a kan fulawa, a kwaɓa tun da ɗuminsa. Turawa da man alade suke yi, ku kuwa kuka ba ni tataccen kitsen saniya, kuka gargaɗe ni cewa ya fi saurin sandarewa, saboda haka in haɗa shi da bota kuma kada in bari kwaɓin ya huce sarai kafin in fara gini. Asali a jikin wani guntun katako ake ɗaga kwaɓin da hannu, kamar yadda mai ginin tukwane ke ɗaga yumɓu, amma kuka ce kwalbar da aka barbaɗa wa fulawa za ta wadatar. Haka na yi: na zare kwalbar bayan ya yi ƙarfi a firji, na cusa naman da gishiri da masoro da gyaɗar ƙamshi, na rufe, na huda tsakiyar murfin, na shafa ƙwai, na gasa ba tare da gwangwani ba. Gefensa ya ɗan buɗe ya yi tumbi, wanda shi ne alamar da ake gane na Melton Mowbray da ita.

Saura romon da ake ɗurawa ta hudar nan bayan an sauke, wanda ke daskarewa ya cike gurbin da naman ya bari, ya kuma tsare shi daga iska. Ku ne kuka ja hankalina cewa yawancin garin jelatin na kantuna, wanda ake sa wa romo ya daskare, daga fatar alade ake samo shi, kuka ba ni ƙafar saniya da kuka babbake kuka sassara, kuka ce in dafa ta a kan ƙaramar wuta na tsawon awa huɗu, in tace, in ɗura da mazurari, in bar shi ya kwana a firji. Ko sisi ba ku karɓa a kan ƙafar ba.

Washegari da muka yanka, ɓawon ya tsaya da ƙafarsa, romon ya zagaye naman, yara suka ci har suna neman ƙari. Maƙwabciyata Baturiya, wadda ta tashi da cin na asali, ta ɗanɗana ta ce launin naman da ƙamshinsa sun bambanta, amma ɓawon bai bar komai ba.

Ina roƙon ku duba yiwuwar ajiye wannan tataccen kitse a ƙananan robobi, domin matan da na ba labari sun fara tambayar inda za su same shi. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwa, ya raya zuri'a, ya saka muku da mafificin alheri.

Wassalam,
'Yar'uwarku, mai sayayya a shagonku,
Highfields, Leicester