A buɗe takardun kisan Ba'are Mainasara

Ya Edita,

Ranar Juma'a 9 ga Afrilun 1999 ina shagon ɗinkina a Maraɗi, rediyo a gefen keke, na ji firaminista Ibrahim Hassan Mayaki yana cewa wai hatsari ne ya ci ran Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara. Wane irin hatsari? Kowa ya san dogaran fadarsa ne suka buɗe masa wuta a filin jirgin sama na Yamai. Kafin shekarar ta ƙare, aka sa afuwa cikin kundin tsarin mulki, aka rufe maganar ruf.

Ni ban goyi bayan Ba'are ba, shi ma da juyin mulki ya hau a 1996. Amma jini ba ruwa ba ne. Manjo Dauda Malam Wanke, shugaban dogaran fadar da ya hau mulki bayan kisan, ya rasu a 2004 da abin da ya sani, sauran shaidu kuma tsufa na cin su. A 2015 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ce a biya iyalansa diyya, sai dai kuɗi bai faɗa musu wanda ya ba da umurni ba.

Burkina Faso ta yi shari'ar kisan tsohon shugabanta Thomas Sankara bayan shekara 34. Ina roƙon hukuma ta fito da rahotannin soja da na jandarma na wannan rana, mu karanta da idonmu.

Naku,
Wani tela daga Maraɗi