Ina Ya Dace a Kafa Cibiyar Agajin Gaggawa ta Damagaram?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin hukumomin jiha da na birnin Damagaram a kan wata magana da ba kasafai ake tayar da ita ba sai ɓarna ta riga ta auku, wato wurin da ya kamata a kafa cibiyar da za ta riƙa jagorantar aikin agaji idan gobara ko ambaliya ko hari ya afka wa gari. Birnin nan yana faɗaɗa ta kowace kusurwa, ana ta yanka filaye ana rabawa, kuma ina fargabar kada ranar da za a tashi gina irin wannan cibiya a tarar filayen kirki sun ƙare, a ajiye ta inda aka samu sarari kawai, ko a manna ta a jikin wani babban ofishi don shugabanni su riƙa leƙawa cikin sauƙi. A ganina tambaya ɗaya ce ya kamata ta yanke hukunci: ranar da gari ya fi kowace rana rikicewa, wannan gini zai kasance a tsaye, da wuta, da ruwa, da hanyar shiga da fita?

Birnin New York na Amurka ya amsa wannan tambaya da kuskure, kuma ya ji a jikinsa. A watan Fabrairu na 1993 an tayar da bam a cikin mota a ƙarƙashin Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, mutane 6 suka rasu, duniya duka ta san cewa masu mugun nufi sun sa wa wurin ido. Duk da haka, a 1999, zamanin magajin gari Rudy Giuliani, aka buɗe cibiyar kula da ayyukan gaggawa ta birnin a hawa na 23 na gini mai lamba 7 a cikin wannan unguwa, bayan an kashe kimanin dala miliyan 13. 'Yan sandan birnin sun rubuta rahoto suna adawa da wurin, ba a saurare su ba, kuma hujjar da aka fi ambata ita ce kusancinsa da ofishin magajin gari, har ana iya takawa da ƙafa. Ranar 11 ga Satumba 2001, da aka kai wa tagwayen hasumiyoyin Cibiyar Kasuwancin hari da jiragen sama, tun da hantsi aka kwashe ma'aikatan cibiyar gaggawar, a daidai lokacin da aka fi bukatar su zauna su haɗa bayanan 'yan sanda da na 'yan kwana-kwana, waɗanda rediyoyinsu ma ba sa jin juna yadda ya kamata. Tarkacen da ya faɗo daga doguwar hasumiyar da ke kusa ya kunna wuta a ginin, bututun ruwan unguwar sun fashe, wutar ta ci sa'o'i babu mai kashe ta, kuma da misalin ƙarfe 5:20 na yamma ginin mai hawa 47 ya rushe. Sai da shugabannin birnin suka yi ta ƙaura daga wannan mafaka zuwa waccan kafin su samu wurin zama, daga baya kuma, a 2006, aka buɗe sabuwar cibiya a Brooklyn, ƙetaren kogi.

Kada wani ya ce wannan labarin ƙasashen nesa ne. A Abuja an kai wa hedikwatar 'yan sanda hari a watan Yuni na 2011, a Kano an afka wa ofisoshin 'yan sanda da dama a rana ɗaya, 20 ga Janairu 2012, kuma a nan ƙasarmu an kai hari barikin soja na Agadas ranar 23 ga Mayu 2013. Mu ma a Damagaram ba mu manta da tarzomar Janairu 2015 ba, lokacin da aka ƙona gine-gine a tsakiyar gari. Duk wanda ya dubi waɗannan zai ga cewa bariki da ofishin gwamna da gidan kaso da manyan ofisoshin tsaro su ne wuraren da hankalin mahara ko fushin jama'a yake fara nufa, saboda haka jingina cibiyar agaji da katangarsu, da sunan za ta ci albarkacin tsaronsu, tamkar raba musu haɗarinsu ne da ita. Manomanmu sun daɗe da gane wannan, shi ya sa a ƙauyuka da yawa ake jera rumbuna can gefe da gidaje, don kada wutar da ta ci ɗaki ta haɗa da abincin shekara.

Sai dai a gaskiya abin da ya fi kusa da mu shi ne ruwa. A farkon Satumba 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Birni da ke kusa da fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, kuma kwanaki kaɗan bayan haka madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, ya shiga asibitin koyarwa da fadar Shehu da kasuwa, ya karya katangar gidan kaso. Garinmu yana zaune a kan dutse, ƙasa ba ta shan ruwa da sauri, sai ya gangaro ya taru a tafkuna da kwaruruka. Fili mai faɗi da ake gani fes a watan Maris yana iya zama tafki a watan Agusta, kuma galibi irin waɗannan filaye ne suke saura babu mai su, domin mutanen da suka san wurin sun guje su tun kaka da kakanni. Kafin injiniya ya kafa turke, a tambayi dattawan unguwa inda ruwa yake bi a shekarar da damina ta yi nauyi. Tudu ake nema, kuma Allah ya hore mana tuddai da duwatsu, waɗanda za su ƙara wa eriyar rediyo nisan zango.

Maganar hanya ma babba ce. Wanda ya taɓa ganin motar kwana-kwana tana jiniya a kusa da Kasuwar Dole ranar Alhamis, amalanke a gaba, 'yan kabu-kabu ta kowane gefe, mai tebur yana ƙoƙarin janye kayansa daga bakin titi, direba yana leƙowa ta taga yana roƙon a ba shi hanya, ya san cewa tazarar da ake aunawa a taswira daban take da wadda ake ci da mota. Lungunan Birni kuwa wasu ko ƙaramar mota ba ta shiga. Dole cibiyar ta samu aƙalla ƙofofi biyu masu fita kan tituna daban-daban, yadda idan ruwa ko cunkoso ko shinge ya toshe ɗaya, ɗayar za ta yi aiki. Kuma kada a kafa ta a bakin titin da tankokin mai daga matatar SORAZ suke bi, ko kusa da gidan mai. Fashewar tankar nan ta Yamai a watan Mayu 2019, wadda ta hallaka mutane fiye da 50, ta isa ta nuna abin da mota ɗaya take iya yi. A bar fili mai faɗi tsakanin titi da ginin, a kuma ware wurin karɓar jama'a daga ɗakin da ake amsa kira.

Ba sai an gaya wa ɗan Damagaram wahalar ruwan sha ba, tunda daga wajen gari ake janyo shi, daga Gogo da Machaya da rijiyoyin arewa. Cibiyar da ta dogara da famfo kaɗai ba ta shirya ba. Tana bukatar babban tanki nata na kanta. Haka wutar lantarki: mun ga halin da aka shiga a Agusta 2023 lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba mu. A tanadi faifan hasken rana da batura da injin ko-ta-kwana, a ajiye mansa nesa da ɗakin aiki, a kuma riƙe rediyo ko da layukan salula sun ɗauke, domin wanda ya buga lamba 18, wato lambar kiran 'yan kwana-kwana, da tsakar dare ba ruwansa da uzurin wuta.

Na san za a ce idan aka kai cibiyar gefen gari agaji zai yi jinkiri, kuma wurin da ya keɓe shi ma yana da wuyar tsarewa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba daji nake cewa a kai ta ba. Amma a bambanta abu biyu: motocin kashe gobara da na ɗaukar marasa lafiya su ne ya kamata a rarraba a unguwanni, kusa da kasuwa da tasha da asibiti, ita kuwa cibiyar da take karɓar labari tana ba da umarni ba ta bukatar zama a tsakiyar hayaniya, abin da take bukata shi ne ta ji kowa, kowa ya ji ta.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma Gwamna da hukumar birni su keɓe fili tun yanzu, su yi masa takarda yadda ba za a yanka shi a sayar ba, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. A zaɓe shi tare da sojojin kwana-kwana da 'yan sanda da jandarmomi da likitoci da ma'aikatan ruwa da na lantarki, a rubuta ra'ayin kowa a ajiye, musamman na wanda ya ƙi amincewa. Sannan a ware wani ɗaki na biyu a wani ɓangare na gari, ko da ƙarami ne, mai rediyo da taswira da batir, a riƙa komawa can ana gwada aiki sau ɗaya a shekara kafin faɗuwar damina.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga unguwar Zango, Damagaram