Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ƙwadago, Alhaji Muhammad Maigari Dingyaɗi

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Tun watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, amma har yau a Sakkwato akwai dubban ma'aikatan da a rediyo kawai suka ji labarinta. Ina nufin malaman makarantu masu zaman kansu na unguwannin Mabera da Arkilla, da masu gadi, da yaran da ke sayar da mai a gidajen mai, waɗanda da yawansu ko tsohuwar 30,000 ta 2019 ba su taɓa karɓa ba, alhali kuwa cire tallafin mai a Mayun 2023 bai tsallake gidan kowa ba.

Ka fi ni sanin inda gizo ke saƙar. Dokar ba ta shafi duk ma'aikatar da ma'aikatanta ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi masu aikin rabin yini da waɗanda ake biya da kamasho ba. To, ranka ya daɗe, kai da ka riƙe sakataren gwamnatin wannan jiha, ma'aikatu nawa ka sani a nan masu mutum 25 a rubuce? Mai makarantar da ke da malamai talatin sai ya rubuta ashirin, sauran ya ce na wucin gadi ne, shi ke nan ya wanke kansa. Babu mai zuwa ya buɗe littafin albashi ya ƙirga.

Ga shi kuwa tun 1960 Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 81 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan sufetocin aiki, da ta 95 kan kare albashi. Duk watan Yuni tawagarmu na zuwa taron ƙungiyar a birnin Janiba, a yi jawabi, a yi tafi. Ina ma ɗaya daga cikin wakilan zai ratso titin Ahmadu Bello na Sakkwato a kan hanyarsa ta dawowa.



Doka ta ce a sake duba albashin bayan shekara uku, wato 2027. Ina roƙonka, kafin lokacin, ka gabatar da ƙudurin rage wannan adadi na 25, ka kuma umarci ofishin ma'aikatarka na Sakkwato ya riƙa wallafa yawan wuraren da sufetoci suka ziyarta da hukuncin da aka yi wa masu saɓa doka.

Wassalam,
Ɗan jiharka, daga Sakkwato.