Sanarwa: fitar Asabar zuwa Drachenfels

Assalamu alaikum ƴan uwa mazauna Bonn da kewaye. Fitarmu ta wannan Asabar ɗin zuwa Drachenfels ce in sha Allah, tsohuwar hasumiyar nan da ke bisa dutse a gaɓar kogin Rhine, sama da garin Königswinter. Mu haɗu a babbar tashar Bonn ƙarfe tara na safe, mu hau jirgi mai lamba 66. Don Allah kada a makara.

Tsayin dutsen mita 321 ne, kuma hawan yana da tsauri sosai, musamman ta hanyar jakuna. Iyayenmu da masu ƙananan yara su bi jirgin da ke hawa dutsen, wanda yake aiki tun 1883, mu haɗu a sama. Babu abin kunya a ciki.

An fara ginin a 1138 bisa umarnin babban limamin cocin Kolon, domin gadin iyakar ƙasarsa ta kudu. Wanda ke tsaye a can yana hango duk jirgin da ke tafe a kogin tun daga nesa. An rusa shi a 1634 lokacin yaƙin shekara talatin, sannan masu fasa dutse suka yi ta cin gindinsa. Daga wannan dutsen ne aka fasa duwatsun da aka gina babban cocin Kolon da su. Sai a 1836 gwamnati ta saye wurin ta hana fasar, da ba don haka ba, da yanzu ko kufai babu.

A zo da takalmi mai riƙe ƙasa, rigar sanyi, ruwa da dardumar salla. Mai zuwa ya rubuta sunansa kafin daren Alhamis.