Godiya ga garejin da ya ɗaure mana sitiyari da konrod

Assalamu alaikum.

Wannan godiya ce ga maigidan wani ƙaramin gareji da ke bayan 'yan kayan mota na Dilimi a nan Jos, da kuma dattijon da ke kan injinsa na sassaƙa ƙarfe, wanda kowa ke kira Baba. Duk mai jigilar kayan gwari daga Farin Gada da tsohuwar a-kori-kura, irin Fijo 504 da aka haɗa a Kaduna, ya san wannan ciwo: mariƙin da ke ɗauke da bututun sitiyari a ƙarƙashin dashbod ya tsage, sitiyari ya riƙa rawa a hannu, sabon mariƙi kuma babu shi a kasuwa.

Wurare uku aka kai motar kafin nan, duka maganinsu ɗaya, a ɗana walda a jikin bututun. Bututun nan siriri ne. Da ya sha wuta sai ya ɗan karkace, boris ɗin sama ya lalace, sandar ciki ta fara cijewa, ka sha kwana sitiyari ya ƙi dawowa da kansa. Bayan mako biyu waldar ta sake tsagewa daga gefe, ka koma a ce maka laifin hanya ne.

Baba bai taɓa walda ba. Kalifa, ma'aunin kaurin ƙarfe, ya fara ɗaukowa ya auna bututun, milimita 45. Sannan ya aiki yaro wurin 'yan gwangwan ya zo da tsohon konrod, sandar nan da ke haɗa fistin da kiranshaf, tare da murfinsa na asali da notinsa biyu, don ya maye gurbin mariƙin. Ya dage a kan murfin, don ana sassaƙa ramin ne murfi na ɗaure, idan ka sa na wani konrod ko ka juya shi baibai ramin ba zai yi da'ira ba. Da aka cire metal, shimfiɗar ƙarfen da ke cikin ramin konrod, babban ramin ya ba da milimita 53, wato saura 8. Masu gaggawa da tsohon tube suke cike irin wannan tazara, roba ta lotse, rawa ta dawo. Shi kuwa ya sassaƙa bushin, wato zoben cike tazara, na alminiyam mai kaurin milimita 4, ya raba shi biyu, ya zauna cif a jikin bututu.

Inda muka fi yaba masa shi ne ƙaramin kan konrod ɗin. Ramukan konrod biyu suna kallon gefe ɗaya, saboda haka idan ka rataye shi da noti ɗaya tak zai riƙa lilo hagu da dama kamar ƙararrawa. Ya yanka kunnuwa biyu daga faranti mai kaurin milimita 5, ya karkatar da su daidai da gangaren bututun, ya ɗaure su a ƙarfen da ya gitta bayan dashbod, ba a kwanon dashbod ba. Ya cike ƙaramin ramin konrod da bushin na ƙarfe, ya zura noti mai kaurin milimita 12, mai lamba 8.8 a kansa. Sai ya ƙara ɗan ƙarfe a karkace daga ɗaya notin murfi zuwa jikin mota, lilo ya mutu. Muka ce, Baba, da ka ɗan ɗana wuta a konrod ɗin ai da an huta. Ya ce ƙarfen konrod ba ya son walda, gefen da ya sha zafi yana bushewa, wata rana ya karye ba sallama.

Notin murfi ma bai ɗaure su da ƙarfin da ake yi a inji ba, kaɗan-kaɗan ya bi su bi da bi har bututun ya daina motsi, don kada ya matse shi. Ya goge duk kaifi saboda gwiwar direba. Aka ɗaga gaban mota da jak, aka murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, aka duba wayoyin hon da sigina ba abin da ya danne su. Kuɗin da aka faɗa da safe shi aka karɓa da la'asar.

Abin takaici, aikin sitiyari da birki ne ake yi wa riƙon sakainar kashi a gari. Ka shiga gareji goma da wuya ka ga kalifa a biyu, komai da ido ake aunawa, noti kuwa duk wanda hannu ya faɗa a kai cikin gwangwani, ko mai lamba ko marar lamba. Motar da aka yi wa haka ita ce gobe za ta sauka gangaren Hawan Kibo da buhunan kabeji har sama.

Allah ya saka wa Oga da Baba da alheri, ya ƙara kasuwa. Sun ce mu dawo da motar bayan mako guda a sake taɓa notin, za mu kawo ta ranar Asabar in Allah ya yarda.