Sanarwa kan jakar hawan Kufena

Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan an tashi lafiya. Tunatarwa ce kan hawan Dutsen Kufena ran Asabar, haɗuwa ƙarfe 7 na safe. Don Allah kowa ya zo da ƴar jakar ratayawa mai igiya ɗaya, banda ƙatuwar jakar makaranta, mai cin lita 6 zuwa 10 ta isa. In za ku saya a Sabon Gari ko wajen ƴan gwanjo, ku ja igiyar da ƙarfi ku duba ɗinkin inda ta haɗu da jakar don nan take fara yagewa, zif ma a gwada shi, igiyar kuma mai faɗi da soso kar ta ci kafaɗa. A zaɓi yadi mai kauri saboda damina. A sa ruwa, hula da ɗan abin taɓawa. Allah ya kai mu lafiya.